Kayan Kumasi a Kasuwar Gwanjo: Na Bindiga da Na Buhu

Daren 5 ga Fabrairun 1874 sojojin Birtaniya suka kwana suna kwasar kaya a fadar sarkin Asante, Asantehene Kofi Karikari, da hasken kyandir. Washegari suka sa albarushi suka rushe gidan dutsen fadar, suka cinna wa Kumasi wuta, suka kama hanyar bakin teku tun ruwan sama bai cika musu koguna ba. Da suka isa Cape Coast aka baje ganimar, aka yi gwanjonta, hafsoshi da 'yan jarida suna tayawa. Zinariyar da aka karɓa daga baya a matsayin kason farko na tarar oza 50,000 da yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Asante kuwa, Landan ta nufa, hannun kamfanin Garrard, maƙeran gidan sarautar Ingila. Garrard ya sayar da wasu yadda suke, wasu ya sake musu fasali: faifan zinariyar da bayin fada ke ratayawa a ƙirji sai ga shi an kafa shi a tsakiyar farantin azurfa, ya zama adon teburin wani basarake. A nan Sir Richard Wallace ya sayi kan mutum na zinariya, mai nauyin fiye da kilo guda, wanda har yau yana gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Landan.

Su wa suka yi wannan aiki? Rundunar da ta shiga gaba a yaƙin Amoaful ranar 31 ga Janairu ita ce Black Watch ta mutanen tsaunukan Sikotland. Akwai Royal Welch Fusiliers na Wales a cikin tafiyar, shi kuma janar ɗin, Garnet Wolseley, haifaffen Ayalan ne. Waɗannan ƙasashe uku su ne manyan gidajen al'ummar da ake kira Kelt, mutanen da su ma Ingila ta daɗe tana danne wa harshe da al'ada. Yau gidajen gwanjonsu kan ware rana guda don kayan da suka shafi ƙasarsu kaɗai: sarƙoƙi, tsofaffin agoguna, faya-fayen garmaho, lambobin yaƙi. A irin wannan rana abin da aka ɗauko daga Kumasi yana iya fitowa a kundin gwanjo ba a matsayin kayan Asante ba, a matsayin abin tunawa da wani kakan da ya yi soja. Lambar yaƙin 1874 mai ɗan ƙarfe da aka rubuta Coomassie, wato Kumasi, a kai, masu tara lambobi suna rububinta har gobe.

Mu ma da hannunmu a ciki, kuma gara a faɗa tun da wuri. Hausawa ne suka riƙe bindigogin igwa na Kyaftin Rait a wannan yaƙi, Kyaftin Glover kuma ya ratso ta gabas da nasa Hausawan da ya fara tarawa a Ikko, ya bi ta kufan Kumasi kwanaki kaɗan bayan an ƙone ta. A 1896 da aka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya, da 1900 lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, akwai sojan Hausa a sahu. Zangon Kumasi da muka sani ya kafu ne a inuwar wannan nasara ta Turawa, lokacin da hanya ta buɗe wa fataken goro da na shanu suka sauko kurmi suka zauna, bayan Salaga ta watse a yaƙin basasar 1892.

To amma kayan da bindiga ta fitar, duk da darajarsu, ba su kai cikin cokalin waɗanda buhu ya fitar ba. Wannan hanya ta biyu ita ce tamu, kuma ita ce ba a cika nazarinta ba.

A duba ma'aunin zinariya, abin da Tonawa, wato mutanen Asante, ke kira abrammuo. Ɗan ƙarfen farin tagulla ne, sau da yawa bai wuce babban yatsa ba, an zuba shi ta hanyar kakin zuma: a sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a tsiyaya narkakken ƙarfe a gurbinsa, a fasa yumɓun. Don haka babu biyu iri ɗaya. Wasu zane ne kawai na layuka da matakala. Wasu siffa ce mai ɗauke da karin magana, kamar kadoji biyu masu ciki ɗaya suna faɗa a kan abinci, ko tsuntsun da ya waiwaya baya. Duk attajirin Asante yana da kunshinsa na ma'aunai, da sikeli, da ɗan cokalin ɗibar gari, da akwatin ajiya. Timothy Garrard, lauyan da ya yi shekaru a Gana, ya nuna a littafinsa na 1980 cewa tushen awon kansa daga arewa ya zo, daga miskalin fataken Musulmi, kuma ya ƙiyasta cewa ma'aunan da aka ƙera cikin ƙarnuka sun kai miliyan uku. Da Turawa suka hana ciniki da garin zinariya, a 1889 a bakin teku, a Asante kuma bayan sun ci ƙasar, sai waɗannan miliyoyi suka zama tarkace a ƙarƙashin gado.

Wanda ya gane cewa tarkacen nan kuɗi ne shi ne ɗan kasuwar zango. Ya riga ya san ƙauyukan, domin kakansa ya bi su sayen goro. Ya iya Twi. Yana da maigida a Kumasi da zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'ada, daidai yadda ake yi wa mai shanu. Sai ya bi gida-gida yana tambayar tsofaffin ƙarafa, ya saya da araha, wani lokaci a kan sikeli kamar kayan gwangwan, ya zube a tabarma ya tsince. Masu siffa ya ware su ɗaya-ɗaya don Bature, masu zane ya tara su jumla. Kunshin da iyali guda suka yi shekara ɗari biyu suna tarawa, a yini guda ya watse.

Kada a raina idon wannan mutum. Ya fi yawancin masu rubuta kundin gwanjo sanin na ƙwarai, domin dubbai sun bi ta tafin hannunsa. Yakan juya ma'auni ya duba gefensa: wanda ya yi aiki, hannu ya cinye kaifinsa, ya yi sulɓi ba daidai ba, wani gefen ya fi wani. Yakan nemi inda aka ɗiga dalma a rami don ƙara nauyi, ko inda aka goge ƙafa guda da magagari don a rage, domin mai shi na da can ba adon ya dame shi ba, awon ya dame shi. Sabon zubi kuwa, irin wanda maƙeran Krofrom da ke kusa da Kumasi ke yi don masu yawon buɗe ido, komai kyansa nauyinsa bai dace da kowane awo ba. Haka ya san duwatsun wuya. Tun ƙarshen shekarun 1960 fataken Hausa ke tattara tsofaffin duwatsun gilashi da Turawan Benis suka shigo da su ƙarnuka da suka wuce, su shirya su a zaren kaba, su bi da su ta kasuwar Kejetia ta Kumasi da kasuwar Alhamis ta Koforidua, su ƙetare da su Amurka da Turai. Wanda ya iya yakan leƙa ramin dutsen: zaren shekaru ya ci bakinsa ko bai ci ba?

Duk da wannan ilimi, nemi sunansa a kundin gwanjo ba za ka samu ba. Kundin yakan ce: daga tarin wane na Faris, ya saya wajen wane na Burussal a shekara kaza. Daga nan baya, shiru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Laifin kuma ba na Bature ne kaɗai ba. Al'adar fatauci ta gina mu a kan ɓoye inda kaya suka fito, don kada mai saye ya tsallake ka ya je can da kansa, kada abokin sana'a ya riga ka. A cinikin goro wannan dabara ce, domin goro ba ya buƙatar tarihi, a ɓare a gani. A cinikin kayan tarihi kuwa asalin shi ne rabin kuɗin. Christopher Steiner, wanda ya zauna da dillalan Abijan ya rubuta littafi a kansu a 1994, ya nuna yadda ribar ɗan tsakiya ta rataya a kan raba mai sayarwa da mai saye, da yadda ake tsufantar da sabon sassaƙa da hayaƙi da ƙasa da tofin goro, a ƙaga masa labari daidai da kunnen mai saye. Fim ɗin In and Out of Africa ya bi wani falke daga Nijar, Gabai Baare, tun daga inda yake saro kaya har ɗakunan masu kuɗin Amurka. Wanda ya kalle shi zai ga gwanintar, zai kuma ga inda ta tsaya. Da zarar an san kana iya ƙaga labari, labarinka na gaskiya ma ya faɗi daraja.

Nan ne gwanjo ya bambanta da cinikin da muka saba. Mu a wurinmu mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallama, kuma farashin sirri ne tsakanin mutum biyu da dillali. A gwanjo masu saye ne ke kokawa da juna a bainar jama'a, farashin da guduma ta faɗa a kai kuma a rubuce yake har abada, shi ne ma'aunin na gaba. Ba baƙon abu ba ne a fiƙihu: malamai sun halatta sayarwa ga wanda ya ƙara, abin da aka hana shi ne najashi, wato ka taya ba da niyyar saye ba, don kawai ka kumbura wa wani kuɗi. Gidan gwanjo ma dillali ne, sai dai dillalin da ya fi namu wayo. Tun 1975 Christie's da Sotheby's suka fara karɓar kashi 10 cikin ɗari daga mai saye ban da abin da suke cira wajen mai kaya, yanzu kuwa a ƙananan kaya ya haura kashi 20. Abin da suke sayarwa da wannan la'ada mai kauri ba ƙarfe ba ne, takarda ce, jerin hannayen da kaya suka bi.

Sakamakon wannan abin takaici ne, har ya so ya zama abin dariya. Kayan sata sun fi kayan saye tsabtar takarda. Soja yana da rajista: ranar da aka kwasa, wanda ya taya, nawa ya biya. Wannan rajista da ta ɗaga kuɗin kayan shekara da shekaru, ita ce kuma ta zama shaida a kansu. A Fabrairun 2024 gidan tarihin Fowler na Jami'ar Kalifoniya ya mayar wa Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu kaya bakwai, mayarwa ta dindindin, domin an bi sawunsu ta tarin Henry Wellcome har zuwa 1874. Gidan Tarihin Birtaniya da na Victoria and Albert suka aiko da guda 32, amma aro ne na shekara uku da za a iya sabuntawa, saboda dokokinsu na 1963 da 1983 sun ɗaure musu hannu, in ji su. Ranar 1 ga Mayu aka buɗe baje kolinsu a gidan tarihin fadar Manhyia, tafiyar ƙafa daga unguwar Alabar. A Nuwamba kamfanin AngloGold Ashanti ya miƙa wasu 28 daga tarin da ya saya wajen Barbier-Mueller na Janeba. A ba mutum aron kayan kakansa abu ne mai ɗaci, amma dai sun iso. Ma'aunan da suka fita a buhu fa? Babu mai iya cewa wannan na gidan wane ne a Mampong ko Bekwai, don haka babu mai neman a dawo da su.

Ba na cikin masu cewa ɗan zango ɓarawo ne. Yawancin abin da ya saya, masu shi ne suka sayar da ransu, don kuɗin makaranta ko kwanon rufi, a lokacin da coci da masallaci duka suke ce musu waɗannan kayan jahiliyya ne. Da bai saya ba, da yawansu tukunyar maƙeri za su faɗa a narke. Amma ba na kuma wanke shi tas. Tun 1969 dokar Gana ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi, kuma ba kowane buhu ne ya bi ta wannan ofis ba. Akwai kuma tasoshin kuduo da ake binnewa tare da mamaci ko a ajiye a ɗakin kujerun kakanni. Wanda ya kawo maka irin wannan da daddare, ka san ba taron dangi ne ya aiko shi ba.

Akwai wuri guda da sunan Bahaushe ke shiga kundin gwanjon Landan kai tsaye, shi ne gefen lambar yaƙi. Lambar Ashanti ta 1900 sojojin Afirka ne suka fi samunta, akan kuma buga lambar soja da sunansa a bakinta, sunan yanka haɗe da na garinsu, yadda aka saba rubuta sojan Hausa. Mai tarawa zai biya don wannan suna, ya je ma'ajiyar takardu ta Kew ya binciko shi. Jikokin mai sunan suna iya kasancewa a unguwar Aboabo ko Asawase ta Kumasi, ba su san an buga guduma a kan kakansu ba.

Kasuwar kanta ta sauya. Manyan gidajen tarihi da masu saye na gaske yanzu tambayarsu ta farko ita ce ko kayan sun bar ƙasarsu kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO. Abin da ba shi da amsa, kuɗinsa ya karye, ko da na ƙwarai ne. Mutanen da suka san amsar, wace shekara, wane ƙauye, wane Bature a wane otal, dattawa ne da ke zaune a ƙofar masallatan zango, waɗanda suka fara bin ƙauyuka suna samari a zamanin Nkrumah da Busia. Masu bincike daga jami'ar Kumasi da ta Legon sun fi kowa kusa da su. Sai dai dattijon da ya yi shekara hamsin yana ɓoye hanyarsa ba zai buɗe ta don an zo da rakoda ba, sai an bi ta hannun maigidansa ko ɗan maigidan, an kuma tabbatar masa ba hukuma ce ta aiko ba.