Na'ura Ko Mai Na'ura? Tarken Gwajin Noll Kan Zanen Kwamfuta

Manufar wannan takarda ita ce ta auna wata da'awa da ta taso daga haɗuwar kimiyya da fasahar zane, wato cewa kwamfuta ta kamo ɗan'adam wajen ƙirƙira. Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce gwajin A. Michael Noll, injiniya a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka.

A shekarar 1964 Noll ya tsara wa kwamfuta umurni ta warwatsa gajerun layuka, na tsaye da na kwance, a cikin da'ira, bisa kwaikwayon wani zane da Piet Mondrian, mutumin Holan, ya kammala a 1917. Sannan ya nuna wa mutum 100 hotunan zanukan biyu. Mutum 28 kaɗai suka gane na kwamfuta, 59 kuwa suka ce shi ya fi burge su. An buga sakamakon a 1966.

A ganinmu, wannan sakamako bai tabbatar da da'awar ba, saboda dalilai uku. Na farko, ba ainihin zanen Mondrian aka gani ba, kwafinsa ne a takarda, wanda ya ɓoye sawun buroshi da kaurin fenti. Na biyu, kamar yadda Noll da kansa ya lura, masu kallon sun ɗauka cewa tsari da daidaito aikin na'ura ne, warwatsuwa kuma alamar hannun mutum ce. Ashe ke nan abin da aka auna shi ne zaton mutane game da na'ura, ba basirar na'urar ba. Na uku, siffar zanen ta Mondrian ce, iyakar tsawon layukan da gwargwadon warwatsuwarsu kuma Noll ne ya ƙayyade. Aikin kwamfuta bai wuce jefa ƙuri'a a cikin shingen da aka yi mata ba.

Duk da haka, ba mu raina gwajin ba. Ya tilasta wa masu zane su fayyace ƙa'idojin da a da ake dangantawa da baiwa kurum, ya kuma nuna cewa lissafi kayan aikin mai zane ne. Saboda haka, malamin da ya raba ɗalibin zane da lissafi ya tauye shi, wanda kuma ya koya masa cewa na'ura ce fasihiya ya hana mai aiki ladarsa.