Sharhi a kan Littafin "Mutumin Kirki" don Masu Hidima a Ƙasar Tsafe

A shekarar 1973 wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa, ya kuma koyar a Zariya, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiyana ta Amurka. An buga laccar a 1974 da Turanci, ɗan ƙaramin littafi mai suna Mutumin Kirki. A ciki ya tattaro halaye goma da Bahaushe yake auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Littafin ya cancanci mu duba shi, domin da yawa cikinmu da ake turawa Tsafe, Gusau ko Bungudu daga Filato ko kudancin Kaduna muka fito. Muna jin Hausa, da ita muke wa'azi, sai mu ɗauka mun san Hausawa. Alhali jin harshen mutum dabam, sanin ma'aunin da yake auna duniya da shi dabam.

Babban amfanin littafin shi ne ya nuna cewa Bahaushe a cikin zaman jama'a yake gane kirkin mutum. Mu ɗauki kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma wasa da shi a gaban mutane. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Faston da bai san wannan ba zai ce babu ƙauna a gidan, har ya hau bagade ya tsauta. Ga masu gidan kuwa wannan ita ce ƙauna da girmamawa.

Haka batun mutunci. A wasu ikkilisiyoyi akan karanta laifin mutum a gaban taro kafin a sa shi horo. Ga magidanci Bahaushe wannan zubar da mutunci ne a gaban matarsa da 'ya'yansa, sau da yawa kuma ba ya sake taka ƙofar majami'a. Ubangiji ya umarta a fara samun mai laifi a keɓe (Matiyu 18:15). Annabi Natan ma da misali ya shiga wa Dauda (2 Sama'ila 12). A nan al'ada ce take tuna mana abin da Littafi Mai Tsarki ya riga ya koyar.

Sai dai littafin yana da rauni guda biyu. Na farko, ya ɗauki Hausawa kamar tsintsiya ɗaya, alhali mutumin da ya zana ya fi kama da magidanci Musulmi na birni. Ƙasarmu ta ishe mu shaida. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe tsohon gari ne na malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu, har yau kuma sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiranta. Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bungudu kuwa an san dutsenta da al'adun Maguzawa. Su duka Hausawa ne, amma ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Jerome Barkow, wanda ya kwatanta Musulmi da Maguzawa a wani bincike da aka buga a 1973, ya fi kula da wannan bambanci. A gidan Bamaguje mace tana fita gona, ƙwazon noma kuma yana cikin abin da ake ganin girman mutum da shi. Da yake Hausawa masu bi da yawa daga irin waɗannan gidaje suka fito, wanda ya riƙe jerin nan goma kaɗai zai auna su da mudun da ba nasu ba.

Na biyu, littafin bayani ya yi, bai tambayi inda halin kirki yake juyewa ya zama cuta ba. Wannan aikinmu ne. Ƙauyukan Tsafe sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. Idan "sai haƙuri" kaɗai za mu ce wa wanda aka kora daga gonarsa, mun rufe masa baki, alhali Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta. Idan kunya ta hana matar da aka sako daga daji faɗin abin da ya same ta, ta sa dangi suka juya mata baya, to, kunyar nan tana bukatar hasken bishara.

Saboda haka muna ba da shawara a karanta littafin, amma a ɗauke shi mafarin bincike. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu ma da namu muka zo. Kafin mu kira wata al'ada zunubi, mu zauna da dattawan wurin mu ji ma'anarta, mu kuma bincika ko Maganar Allah ce ta hana ta, ko kuwa ba haka ake yi a garinmu ba ne kawai.

Don tattaunawa: wace al'ada ce a wurin hidimarku kuka taɓa yi wa hukunci kafin ku tambayi ma'anarta? Ta yaya za a yi horo ba tare da an zubar da mutuncin mai laifi ba?