Tsokaci a kan Gamin Kiɗan Ginawa da na Jaz

Ginawa wasu mutane ne a ƙasar Maroko, jikokin bayin da aka ƙetara da su Sahara daga ƙasashenmu na baƙar fata, har yau kuma ana jin sunan Hausa da Bambara a cikin waƙoƙinsu. Kayan kiɗansu biyu ne manya: gimbiri, wato wani babban molo mai tsirkiya uku, da ƙaraƙib, waɗanda duk wanda ya san sambani zai gane su. Shugaban makaɗa shi ake kira Mu'allim. Aikinsa na asali shi ne kwanan kiɗa da suke kira lila, inda ake turare, ana kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowane da launinsa da takensa, don a yi wa mai lalura magani. Mai karatun da ya taɓa ganin 'yan garaya a wasan bori ba ya bukatar dogon bayani.

To, yau shekaru da dama ke nan makaɗan Jaz na Amurka ke zuwa suna gama kiɗansu da wannan. Masu yabon abin sukan ce wai Jaz ya kawo wa Ginawa 'yancin ƙirƙira nan take. Wannan magana ba ta zauna mini ba. Ai Mu'allim tun fil azal yana ƙirƙira, kamar yadda Alhaji Mamman Shata kan tsaya gaban kalangu ya ɗinka waƙa a tsaye. Bambancin yana wajen wanda ake yi wa ƙirƙirar. Idon Mu'allim yana kan mai rawa: in ya ga abin bai kama shi ba sai ya ja taken, in ya ga ya kusa faɗuwa sai ya tsananta. Shi kuwa ɗan Jaz nasa tunanin yake bi, 'yan kallo na jiran su ga inda gwaninta za ta kai shi.

Randy Weston, makaɗin fiyano da ya rasu a 2018, shi ne a ganina ya fi fahimtar haka. Ya zauna a Tanja shekaru, ya halarci lila, ya kuma shirya kiɗan da ya sa wa suna Blue Moses, wanda ya fito a faifai a 1972, bisa taken Sidi Musa mai launin shuɗi. Shi da bakinsa ya sha faɗar cewa da farko an hana shi kaɗa shi a bainar jama'a, sai da ya koma ya nemi izini. Da ya tara manyan Mu'allimai a Marakish a 1992 aka ɗauki faifai, mafi yawansa su kaɗai ake ji, fiyanon sai can ƙarshe. In ma ya shigo, ƙananan muryoyi yake dannawa yana bin sawun gimbiri, tamkar ɗan amshi. Baƙo ne da ya san cewa ko ya fi mai gida riga, ba ya zama kan buzunsa.

Faifan Pharoah Sanders da Mu'allim Mahmud Giniya na 1994, The Trance of Seven Colors, ya fi zafi da daɗin ji, ba na musu. Akwai wuraren da ƙahon Sanders ke kururuwa har ka ce shi ne iska ta hau, kuma nan ne kyansa yake, domin ya cike gurbin mai rawar da ba ya nan. Amma akwai inda ƙahon ke danne ƙaraƙib, Mu'allim ya koma mai riƙe wa wani kiɗa.

Wannan na biyun shi ya yawaita tun da aka fara bikin Ginawa na garin Sawira a 1998. A kan ɗora Mu'allim da baƙon da bai taɓa gani ba sai jiya a dandamali, a yanka taken da ke cin rabin dare ya dawo 'yan mintoci, a bar wa mai jita fili. Kuɗi sun shigo, Mu'allimai suna hawa jirgi, UNESCO ma ta sa kiɗan cikin jerin al'adun duniya a 2019. Sai dai yaron da ke koyon gimbiri yanzu ya ga dandamali ya fi lila biya, kuma taken da ba ya sa 'yan kallo tafi shi ne zai fara bari.