Tsumma a Matsayin Shaida: Nazari a kan Ayyukan Hannelore Baron

Wanda ya tashi a Arlit ya san cewa abin da aka yar yana iya riƙe tarihinsa. A shekarar 2003 masu bincike na CRIIRAD sun tarar da burbushin uraniyom a jikin tsofaffin ƙarafan ma'adinai da ake sayarwa a kasuwar garin, waɗanda wasu ke ƙera kayan gida da su. Da wannan idon ya kamata mu dubi ayyukan Hannelore Baron, domin ita ma da yasassun abubuwa ta yi aikinta.

An haife ta a 1926 a Dillingen ta ƙasar Jamus, iyayenta Yahudawa masu shagon yadi. A Nuwamban 1938, daren da 'yan Nazi suka far wa gidajen Yahudawa, an farfasa gidansu, aka yi wa mahaifinta dukan kawo wuƙa, daga bisani aka kai shi sansanin Dachau. Iyalin sun tsira zuwa Amurka a 1941, kuma a birnin New York ta rasu a 1987. Shekara biyu bayan haka gidan tarihi na Guggenheim ya baje kolin ayyukanta.

Fasaharta ita ce liƙe-liƙe: ƙyallen da ya kwana biyu, yagaggiyar takarda, zare da tawada, a haɗe a kan fili wanda sau da yawa bai wuce shafin littafi ba. Daga baya ta ƙara da ƙananan akwatunan katako, wasu a ɗaure da igiya ko waya. A ciki ana ganin surar mutane naɗe kamar a likkafani, da tsuntsaye, da wani rubutu wanda ba ya karantuwa. A ganina wannan rubutun shi ne ƙashin bayan aikin. Mai kallo yana matsowa don ya karanta, sai ya tarar an toshe masa hanya, kamar wanda aka miƙa wa wasiƙar da ruwa ya ci. Yahudancinta ma ba a tambarin addini yake fitowa ba. A ƙyallen yake, wanda ke komar da mu shagon da aka rusa.

Akwai abin suka, ba shakka. Idan aka jera ayyukan da yawa sai su fara kama da juna, launin ƙasa-ƙasa da baƙi su gajiyar da ido. Fatan zaman lafiya kuwa, wanda ta riƙe har ta yi adawa da yaƙin Biyetnam, ya fi bayyana a matsayin ƙorafi. Ba ta zana sulhu ba, raunin kawai ta nuna.

Kada malamai su ɗauka batun ya yi mana nisa. Shehu al-Maghili, wanda muke girmamawa saboda nasiharsa ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, shi ne ya jagoranci rusa majami'ar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat wajen 1492, kafin ya biyo ta Azbin zuwa ƙasar Hausa. Da wuya a ji wannan ɓangaren a aji. Haka kuma a ranar 25 ga Satumban 2000 an ƙona makamai a Agadas don tabbatar da ƙarshen tawaye, amma shekara bakwai bayan nan bindiga ta sake ƙara a arewa. Ɗalibin da aka ba shi tsohon rawani, da takardar albashin kakansa daga COMINAK, wadda ta rufe a 2021, da ɗan ƙaro na mannawa, yana da duk kayan da Baron ta yi aiki da su.