Mai Kalangu, Gwanin da Ke Sa Ice Magana

Idan kaka ta yi a ƙasar Rano, aka yanke dawa aka kai amfani rumbu, dare kan sauya kama a garuruwa irin su Rurum da Saji da Lausu, har zuwa Tarai da Durba ta wajen Kibiya. Lokacin ne aljihun manomi ke da nauyi, lokacin ne ake ɗaura auren da aka sa wa rana tun da damina. Bayan sallar isha'i, farin wata ya haske duwatsun Rurum, mai tsire ya hura wuta, mai shayi ya jera benci, masu rake da dafaffiyar gyaɗa kowa ya kafa fitilarsa. Mutanen birni suna da otal da ɗakunan biki na haya, shi kuwa mutumin karkara tun kaka da kakanni dandali gare shi, rufinsa sama, shimfiɗarsa rairayi. Sai dai fili ba ya zama dandali sai mai kalangu ya iso. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda bugun farko ke ratsa gari, ya wuce zaure ya faɗa tsakar gida, har yarinya ta kasa ƙarasa tuwon da ke gabanta.

Aikin wannan bawan Allah nake so mu tsaya mu duba da kyau, don mun saba jin kiɗansa har mun daina lura da yawan ilimin da ke hannunsa.

Shi kalangu ba shi da tarkace da yawa. Masassaƙi zai samu ice mai ƙwari ya sassaƙe shi ya rarake cikinsa, baki biyu masu faɗi, tsakiya a tsuke kamar ƙugun zanzaro. Wannan shi ne kango. Sai a rufe bakunan da fata marar kauri, galibi ta ɗan akuya, wadda aka jiƙa aka kankare gashinta. Daga wannan baki zuwa wancan a jera tsarkiyoyi su kewaye kangon gaba ɗaya. A sa maratayi, a samo 'yar sandar kiɗa mai lanƙwasasshen kai, aiki ya kammala.

Asirin yana cikin tsarkiyoyin nan. Makaɗi kan rataya kalangu a kafaɗar hagu, ya saƙala shi ƙarƙashin hammata. In ya matse, tsarkiya ta ja fata, fata ta ɗame, murya ta hau. In ya sassauta, fata ta saki, murya ta sauka. In kuwa ya buga yana matse, sannan ya saki kafin amon ya mutu, sai ka ji sauti ya taso daga sama ya gangaro ƙasa, kamar mutum ya ce "kai!" cikin mamaki. Hannun dama na bugu, damtsen hagu na matsa, yatsun hagu na riƙe da tsarkiya suna gyara abin da damtse ya rage. Aiki uku ne a lokaci guda, kuma ko ɗaya ya makara da ƙiftawar ido magana ta ɓaci.

Na ce magana, kuma da gaske nake. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya na sauya ma'anar kalma. Ɗauki kalmar "baba". Ka fara ta da ƙasa ka ƙare da sama, mahaifi ka kira. Ka juya ta, sama sannan ƙasa, uwa ce ko gwaggo. Ka ɗaga gaɓoɓin biyu ka ja ta ƙarshen, ka ambaci baban rini, shukar nan da ta sa labarin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba. Kalangu ba ya furta baƙi ko wasali. Abin da yake ɗauka shi ne wannan hawa da sauka, da tsawon gaɓa da gajartarta, ya jera su yadda baki ke jerawa. Da yake kalmomi da yawa na iya yin tarayya a kari ɗaya, gwani ba ya jefa kalma ita kaɗai. Yakan kaɗa jimlar da kunnen jama'a ya riga ya sani: kirari, ko karin magana, ko habaicin da ke yawo a gari. Mai sauraro ne ke cike baƙaƙen a zuciyarsa. Shi ya sa za ka ga an fashe da dariya a dandali alhali babu wanda ya buɗe baki, baƙo kuwa ya yi ta waige-waige yana neman abin da aka ce.

Wannan hikima ba mu kaɗai ke da ita ba. Yarabawa na da gangan da dundun, Dagwamba na arewacin Gana na da lunga, Wolof na Senegal na da tama, duk masu tsukakken ƙugu da tsarkiya. Amma kowace ganga harshen gidansu take ji. Kalangu Bahaushe ne, wanda kuma bai ƙoshi da Hausa ba ba zai taɓa sa shi magana ba, ko da hannunsa ya fi walƙiya sauri.

Daga nan sai maganar take. Take shi ne sunan mutum a bakin ganga. A tsarin gargajiya kowane rukunin jama'a da abin kiɗansa: sarakuna da tambari da kotso da taushi da jauje, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, matan aure da ƙwarya da shantu. Kalangu kuwa na mahauta ne tun asali. Da shi ake sanar da kasuwa cewa an yi yanka, da shi ake yi wa Sarkin Fawa take. Da yake dambe wasan mahauta ne, sai kalangu ya bi su fage, inda irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace suka yi suna wajen zuga ɗan damben nan Shago da takwarorinsa. Wanda ya taɓa ganin ɗan dambe ya ji takensa ya san ƙarfin abin: mutum na zaune lafiya lau, sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe yana kirari yana karkarwa.

A dandalin samari da 'yan mata ma haka abin yake, sai dai a nan nauyin da ke kan makaɗi ya fi yawa. Dole kansa ya zama kundin gari. Ya san taken wance da na wane, ya san 'yar gidan wa ce, jikar wa ce, wa ke nemanta. Ya san baƙin da suka zo biki daga wani gari, ya karrama su kafin 'yan gida. Ya san samari biyu da ba sa ga maciji, don kada ya kaɗa taken wannan a kan idon wancan ta yadda za a ɗauka zuga ce. Duk wannan ba a rubuce yake ba, a ka yake, kuma kowace kaka sai an sabunta shi, tunda wasu sun yi aure sun bar fage, wasu ƙananan sun taso sun shigo. Ranar da ya kaɗa wa yarinya takenta daidai, ta fito tsakiya ƙawayenta na tafi, saurayi ya zo ya yi liƙi, to ladan haddarsa ce ya karɓa.

Kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. A bayansa akwai masu ƙananan ganguna irin su ɗan karɓi da kuntuku, waɗanda ke riƙe da ƙafar kiɗa ba sa kaucewa, don shi babban ya samu sarari ya yi ta zance a kai. Akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai fassara wa jama'a abin da ganga ta ce, yana ambaton wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Tsarin nan ya shiga jinin Hausawa har ya ba harshe kalmomi. In muka ce wane ɗan kanzagi ne, sunan ƙaramar ganga muka ara. In muka ce 'yan amshin Shata, daga bayan makaɗi muka ɗauko su. A bakin mutane kalmomin sun zama na zolaya, amma a fagen kiɗa matsayi ne mai wuya, don wanda ke riƙe da ƙafar kiɗa in ya yi tuntuɓe kowa ya faɗi.

Abin da ya fi burge ni a aikin mai kalangu shi ne idonsa. Ka lura da shi a tsakiyar wasa, ba ya kallon gangarsa, ƙafafun masu rawa yake kallo. Yakan fara da sanyi, ya bar fili ya cika, masu jin kunya su saki jiki. In ya ga an ɗumama sai ya ƙara wuta, ya juya zuwa asauwara ko wani kiɗan da ke tashe. Ya ga mai rawa ta kusa gajiya, sai ya kawo mata mafita, ya rufe da bugu ɗaya daidai inda ƙafarta ta sauka, ta koma cikin ƙawaye da mutuncinta. Ya hango hayaniya na neman tashi a gefe, sai ya sauya kari ya jawo hankalin taro wani wajen, ko ya kaɗa taken sarkin samari don ya taso ya tsawatar. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to ga mutumin da sauyin ke hannunsa. Har da yanayi yake lissafi. Raɓar dare na sa fata ta saki, sai ya matsa kusa da wutar mai tsire ya ɗan gasa ta. Iskar hunturu na busar da ita ta ɗame fiye da kima, sai ya sassauta hannu don kada ta fashe.

Ba a kwana ɗaya ake kaiwa nan ba. Yawanci gado ne. Yaro kan fara da ɗaukar kaya yana bin mahaifinsa ko ubangidansa biki-biki da kasuwa-kasuwa. Sai a ba shi ƙaramar ganga, ya shekara yana maimaita bugu ɗaya har ya zauna masa a jiki. Kafin a miƙa masa babban kalangu, kunnensa ya sha take iri-iri, ya ga yadda ake shiga gari da yadda ake fita lafiya. Makarantar ba ta da allo, amma tana da jarrabawa, kuma jama'a ne masu gyara takarda: in ka iya a cika fili, in ba ka iya ba a watse a bar ka da gangarka.

Wanda ke son ya ga inda wannan fasaha ta kai, ya saurari Alhaji Mamman Shata Katsina. Da kalangun nan na mahauta da 'yan mata ya yi wa sarakuna da attajirai da talakawa waƙa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kafin rasuwarsa a 1999. An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Ka sake sauraron waƙarsa Bakandamiya, wannan karon ka bar muryarsa ka bi gangunan. Za ka ji yadda suke buɗe masa hanya in zai shiga, su cike gurbi in ya tsaya numfashi, su amsa masa kamar abokan hira. Waɗannan makaɗa daga fagage irin na Rurum aka yaye su.

Masana ma sun daɗe da gane darajar abin. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, tsohuwar da ta tashi a yankin Zarewa, nan kudancin Kano, ta ba da labarin kiɗa da rawar 'yan matan zamaninta. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a littafi guda a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana bin tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa yana rubutawa. Sai dai takarda na iya riƙe sunan take, ba ta iya riƙe amonsa.

Yau dandali ya ja baya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Tun bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisbah a 2003, an tsananta sa ido kan wasannin dare da cuɗanyar maza da mata, kuma iyaye da malamai na da hujjarsu a kan ɓarnar da kan raɓi irin waɗannan taruka. Ta ɗaya gefen kuma ga janareta da lasifika, ga waƙoƙin situdiyo a cikin kowace waya. Mai biki kan ga ya fi masa sauƙi ya ɗauko mai na'ura ɗaya da ya ciyar da ƙungiyar makaɗa. Amma na'ura ba ta san sunan kakarka ba. Ba ta ganin ƙafar mai rawa, ba ta sanin lokacin da ya kamata a sassauta. Abin da aka ɗura mata a Kano shi za ta zazzage a Rurum, shi za ta zazzage a Maraɗi, ba ƙari ba ragi.

Gyaran tarbiyya daban, zubar da ilimi daban. Kalangu na da wuraren da zai zauna da mutuncinsa da rana tsaka: fagen dambe da kokawa, bikin kalankuwa bayan girbi, naɗin sarauta, ranar al'adu a makarantu. Ina kira ga masarautar Rano da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su nemo tsofaffin makaɗan da suka rage a garuruwansu, a ɗauki takensu a faifai tare da fassarar kowane daga bakinsu. Ɗalibanmu masu nazarin Hausa su fita daga ɗakin karatu su je su zauna gabansu. Kai kuma mai karatu, in bikin gidanku ya tashi, ka ware wa mai kalangu wurinsa, ka biya shi hakkinsa da daraja, ka sa 'ya'yanka su zauna kusa su ji yadda ake kiran sunan gidansu da ice da fata.