Masu Ɗaukar Hoton Duhu

Kowa ya san Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya a sararin sama lokacin sanyi. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai. Abin da ido ba ya gani shi ne shuɗiyar ƙurar da ta lulluɓe su, wadda wa da ƙane, Paul da Prosper Henry, suka kama wani sashenta a hoto a Paris a 1885, da na'urar gidan nazarin taurari. Yau ga mutum a bayan gidansa, da kyamara da ɗan madubin hangen nesa, yana fito da wannan ƙura ɓaro-ɓaro. Ba tsadar kaya ce ta kai shi ba. Ya san aibin kyamararsa ne kamar yunwar cikinsa, kuma wannan sanin ne ke burge ni.

Hasken da ya yi tafiyar shekara 440 kafin ya iso bai taka kara ya karya ba, don haka sai a bar idon kyamara a buɗe. Amma duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, taurari su zama zane-zane, shi ya sa ake ɗora kyamarar kan injin da ke bin sama a hankali. Tsawon buɗewar kuma akwai gwaninta a ciki. Idan ya gajarta, ƙurar ta nutse cikin ɗige-ɗigen da sensa, wato abin da ke kama haske a cikin kyamara, ke haifarwa da kanta. Idan ya zarce, taurari masu haske su ƙone su zama fari fat, launinsu ya tafi. Gwani yakan tsaya a minti ɗaya zuwa biyar, ya maimaita sau da yawa, sannan manhaja irin su DeepSkyStacker ko Siril ta jera hotunan tauraro kan tauraro. Hasken gaskiya yana nan a kowane hoto, ɗige-ɗigen kuwa sauya wuri suke yi, sai su kashe juna. Hoto 4 yana ninka tsabta sau biyu, amma kafin a ninka ta sau goma sai an tara 100. Haƙuri ke nan da lissafi.

Sai dai akwai aibin da ba ya sauya wuri, tarawa ba ta maganinsa. Nan ne aikin ya fi kyau a wurina. Mai awon kirki yakan fara auna kwano babu komai, don kada nauyin kwanon ya shiga kuɗin mai saye. Haka mai hoton taurari yake rufe bakin madubin ruf, ya ɗauki hoton duhu 20 ko 30, da tsawon lokaci da saiti da zafi daidai da na hotunan sama. Abin da ya fito a wannan duhun ba daga sama ya zo ba, zafin sensa ne da ɗigoginta masu ƙonewa, sai a debe shi. Zafin ba abin wasa ba ne, domin ƙarin digiri 6 ko makamancin haka yana ninka wannan datti, shi ya sa wasu kyamarorin ke sanyaya kansu zuwa digiri 10 ƙasa da sifili. Akwai kuma hoton ƙiftawa, shi ma a rufe, da mafi gajeren lokacin da kyamara za ta iya, don auna dattin karanta sensa kawai.

Nau'in hoto na uku ya fi wahala. Da asuba, bayan an kwana a waje, sai a shimfiɗa farar riga a bakin madubin a fuskanci sama, ba tare da an taɓa saitin gani ko an juya kyamarar ko kaɗan ba. Wannan farin hoto yana tona duhun da ke kusurwoyi da inuwar kowace ƙwayar ƙura, mai kama da zobe. Shi ba debe shi ake yi ba, raba hoton ake yi da shi. Wanda ya kwance kayansa kafin ya ɗauka, zoben ƙurar nan zai bi shi har ƙarshen aiki.

Saura launi. Sensa tana da ɗigo kore biyu a kan kowane ja ɗaya da shuɗi ɗaya, tsarin Bryce Bayer na kamfanin Kodak tun 1976, don haka hoton da aka tara yakan fito kore-kore, fitilun titi kuma su zuba masa ruwan lemo. Gwani ba ya barin kyamara ta yanke hukuncin mene ne fari. Yana ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ya fara mayar da bangon sama toka-toka, sannan ya sa Siril ko PixInsight ta gwada taurarin hotonsa da ma'aunin da kumbon Gaia na Turai ya tattara tun bayan harba shi a 2013. Da ya ga dama da ya murɗa launi yadda zai ɗauki ido, amma ya zaɓi tauraruwar Betelgeuse ta fito jaja-jaja, tauraruwar Rigel kuma fara mai ratsin shuɗi, yadda zafin kowaccensu ya hukunta.