Waƙar Baka a Kan Shafin Mujalla: Sharhi a Kan Wani Aikin Ɗaliban Zayyana, da Misali Daga Ƙasar Yawuri

Daga cikin ayyukan da aka saba ba ɗaliban zayyana a manyan makarantu akwai tsara mujalla a kan batu guda, tun daga bango har shafukan ciki, kuma kiɗa da waƙa na cikin batutuwan da ɗalibai kan zaɓa. Manufar aikin ita ce ɗalibi ya koyi raba shafi gida-gida, da zaɓen ƙirar haruffa, da daidaita hoto da rubutu. Koyon zane da zayyana ya daɗe a Zariya, tun zamanin kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna neman a haɗa dabarun Turai da fasahar gida. Wannan sharhi zai dubi aikin ne ta fuskar da ta shafi malaman Hausa, watau abin da shafi ke yi wa waƙar baka idan aka kwantar da ita a kansa. An ɗauki ƙasar Yawuri, musamman Shanga da Ngaski da bakin tafkin Kainji, don gwaji, saboda wuri ne da kuskuren mai zayyana ba ya ɓuya.

Abin da ake son nunawa shi ne, tsarin shafi ba ado ba ne kawai. Wanda ya yanke inda layi zai tsaya, da wanda za a sa a bango, da sunan da za a rubuta ƙarƙashin hoto, ya riga ya yi wa waƙa sharhi tun kafin manazarci ya buɗe baki.

Samfurin da ya fi kusa da hannun ɗalibi shi ne na mujallun kiɗa na Amurka da Ingila, irin su Rolling Stone wadda aka fara bugawa a 1967. Ko a gida ma, mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, kusan wannan tafarki ta bi a bangonta, kuma ya dace da ita, tun da taurari take tallatawa. Amma wannan samfuri an gina shi ne a kan fuska ɗaya da suna ɗaya. Makaɗin Hausa kuwa a cikin jama'a yake aiki: ga 'yan amshi, ga masu kiɗa, ga sanƙira mai fashin baƙi da kirari, ga kuma ubangidan da ake wa waƙar. Idan aka yanke hoton aka bar jagora shi kaɗai don ya cika bango, an yi ƙarya game da yadda ake yin waƙar, ko da hoton ya yi kyau.

Haka kuma batun alama. Ɗalibin da ya guji jita da layukan nan biyar na rubutun kiɗan Turawa, sau da yawa sai ya ɗauko kalangu ya ɗora a kowane shafi, wai shi ne tambarin kiɗan Hausa. To, ai kayan kiɗa ba su da irin wannan 'yanci. Kalangu asalinsa na mahauta ne, da shi ake kiɗan dambe, da shi kuma Mamman Shata ya yi suna; kotso da taushi na fada ne; tambari da kakaki na sarki ne; garaya ta mafarauta ce da 'yan bori. Littafin David Ames da Anthony King, Glossary of Hausa Music and its Social Contexts, na 1971, ya gane wannan, shi ya sa bayan kayan kiɗa ya ware babi ga makaɗa, da iyayen gidansu, da lokutan da ake kiɗa. Kalangu a saman shafin makaɗin fada daidai yake da a naɗa wa Sarkin Pawa rawanin Waziri. Sai dai kuma binciken littafin a ƙasashen Zazzau da Katsina ya fi ƙarfi, don haka wanda ya nufi Yawuri dole ya ƙara da nasa.

A nan ne gwajin yake. A ce an ba ɗalibi shafi takwas ya tsara a kan kiɗan ƙasar Yawuri. Wa zai sa a bango? Sunan da zai fara zuwa masa shi ne Sani Aliyu Ɗandawo, makaɗin fada ɗan makaɗin fada, wanda ya zauna a Yawuri, kuma lalle ya cancanta. Amma ƙasar ba fada ce kaɗai ba. Akwai Sarkawa masunta, akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, akwai Kambari a wajen Ngaski, akwai Dukawa, akwai kuma Shangawa, waɗanda harshensu ba ɗan'uwan Hausa ba ne, daga dangin harsunan Mande yake, kuma mafi yawansu sun koma Hausa, sai a ƙauyuka kaɗan ake jin sa. Mahdi Adamu, wanda shi kansa mutumin Ngaski ne, ya yi nazarin sarautar Yawuri ta ƙarni na 19, Frank Salamone kuma ya yi rubutu a shekarun 1970 a kan yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa, da kuma matsayin kokawa a wurinsu. Mai zayyanar da ya ba fada shafi bakwai, ya tattara sauran a lungu ɗaya ƙarƙashin kanu irin "sauran ƙabilu", ya shiga wannan tsohuwar muhawara ya ɗauki ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda kuma ya cika shafukansa da hotunan jiragen Rigata a kan ruwa, saboda launinsu na jan ido, zai samu maki, amma mujallar yawon buɗe ido ya tsara.

Bayanin ƙarƙashin hoto ma a wannan ƙasa yana da nauyin da ba shi da shi a wasu wurare. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da gungaye masu yawa, aka tashi fiye da mutum 40,000 zuwa sababbin garuruwa. Saboda haka hoton makaɗa da aka ɗauka a wani gungu kafin wannan shekara, watakila hoton wurin da babu shi ne yau. In ba a rubuta wuri da shekara ba, shaidar ta salwanta. P. G. Harris ya buga bayani a kan Yawuri a 1930, da wani a kan ganguna da kayan kiɗan Lardin Sakkwato a 1932, kuma suna da amfani ga ɗalibi. Amma al'adar rubuce-rubucen wancan zamani ita ce a kula da ganga fiye da mai kaɗa ta. Bai kamata mujallar yau ta gaji wannan ba, ta rubuta "wani makaɗi" ƙarƙashin hoton mutumin da kowa a garinsu ya san sunansa da na kakansa.

Wurin da aikin ya fi wuya, kuma aka fi yi masa riƙon sakainar kashi, shi ne matanin waƙa kansa. An koya wa ɗalibi ya raba shafi gida uku, domin haka ya fi daɗin karatu ga zube. Layin waƙar baka kuwa numfashin mawaƙi da kiɗa ke yanke shi, wani gajere, wani ya miƙe. Idan aka cusa shi cikin siririn gida sai ya karye inda mawaƙi bai karya ba, mai karatu ya ɗauka layi biyu ne, ɗalibin nazari kuma ya ƙirga su haka a kundinsa. Wannan ɓarna ce da ba a gani, don shafin yana nan tsaf. Magani shi ne faɗin gida ya bi layi mafi tsawo a waƙar, in kuwa tilas ta sa a karya, a tura ragowar ciki sosai yadda ba za a ɗauke ta sabon layi ba.

Sa'idu Muhammad Gusau, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka da kuma jerin Diwanin Waƙoƙin Baka, ya yaɗa tsarin da manazarta suka saba da shi yanzu: a fitar da gindin waƙa, a raba ɗiyanta, a rubuta "Jagora" da "'Y/Amshi" a gefen hagu. Tsari ne mai kyau ga ɗakin karatu, kuma daga nan ya kamata mai zayyana ya fara. Amma yana iya ƙarawa, domin amshi ba iri ɗaya ba ne. A yawancin waƙoƙin Shata, 'yan amshi gindin waƙa suke maimaitawa, shi kuma yana zuba ɗiya. A wurin makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, jagora kan fara magana yara su karɓe su ƙarasa, har ma su shigo kafin ya rufe baki. Jera waɗannan biyu a fasali ɗaya ya ɓoye babban bambancin da ke tsakaninsu. A na farko ana iya buga gindin sau ɗaya da manyan haruffa, a riƙa nuna dawowarsa da wata ƙaramar alama. A na biyu kuwa ya fi dacewa muryar 'yan amshi ta fara daidai ƙarƙashin kalmar da suka karɓa, kamar matakala, don ido ya ga abin da kunne ke ji.

Ba sai an je Turai neman dabarar raba muryoyi ba. Marubutan ajami na ƙasar nan sun daɗe suna aiki da tawada biyu, baƙa da ja, suna rufe baiti da alama, suna barin fili a gefe don ta'aliki. Baƙi ga jagora, ja ga 'yan amshi, gefe kuma ga bayanin sunayen mutane da garuruwan da aka ambata: wannan ya isa, kuma bugun launi biyu ya fi na launi huɗu araha. A wannan gefen ne kuma za a bayyana kalmomin karin harshen yamma, irin su "munka" da "yaz zo", maimakon a gyara su zuwa daidaitacciyar Hausa, abin da kan ɓata nauyin gaɓoɓin layi. Waƙar Reshe ko ta Shangawa kuwa a buga ta da harshenta, fassarar Hausa na fuskantar ta, ba fassarar kaɗai ba.

Saura haruffa masu ƙugiya. Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko a Zariya, a shekarun 1980 kuma aka ƙera jerin haruffa na musamman don harsunan Nijeriya, da hannun Hermann Zapf na Jamus. Duk da haka, da yawa daga cikin ƙirar haruffan ado da ke cikin kwamfuta ba su da su, kuma su ne ɗalibi ke sha'awa don kanu. Sai ko dai ya zubar da ƙugiyar, ko na'ura ta aro harafin daga wata ƙira ya fito kamar bare a tsakiyar kalma. A mujallar da kalmominta na yau da kullum su ne kiɗa da waƙa da makaɗa, babu shafin da zai tsira. Waƙar gaɗa ta 'yan mata sai ta koma waƙar gada, mai karatu ya rasa ko ta dawa ake nufi ko ta kan kogi. Malamin da ke duba irin wannan aiki yana iya farawa da sa ɗalibi ya buga waɗannan kalmomi uku, manya da ƙanana, da kowace ƙirar da ya zaɓa, kafin a ba shi izinin taɓa hoto ko launi.